Masu Cewa a Ƙyale Zara

Duk wanda ya taɓa kwana a Mai Wurno, ko a ɗaya daga cikin ƙauyukan Hausawa da ke jere a bakin Shuɗin Nilu daga Sinnar zuwa Damazin, ya san tauraruwar nan mai haske da takan fito yamma bayan faɗuwar rana, kusa da jinjirin wata. Hausawa suna ce da ita Zara matar wata. Waɗansu watanni takan ɓace daga yamma, ta ɓullo gabas da asuba, sai a sauya mata suna a ce Gamzaki. Larabawan Jazira suna kiranta Zuhura, Turawa kuwa Venus. Masana sun daɗe da sanin cewa duniya ce mai kewaya rana kamar wannan da 'yan adam ke zaune a kai, girmansu kuma kusan ɗaya ne: faɗin Zara wajen kilomita 12,100, faɗin wannan duniya wajen 12,700. Babu wata duniya da takan matso kusa kamar ta, gama wani lokaci tazarar ba ta wuce kilomita miliyan 40 ba.

Daga nesa kyakkyawa ce. Amma a cikin dukan duniyoyin da ke kewaya rana babu wadda doron ƙasarta ya kai nata zafi. Zafin yana wajen digiri 465, dare da rana, wato ya wuce inda dalma ke narkewa. Iskarta tana da kauri ƙwarai, tana danne abu da nauyin da ya ninka na iskar wannan duniya sau 90 da 'yan kai, kamar a ce mutum ya nutse mita 900 a ƙarƙashin teku. Gizagizanta na asid ne, irin ruwan da ake zubawa a batirin mota. Babu kogi, babu tsiro. Kumbon da ya fi kowanne daɗewa yana aiki a doron ƙasarta bai wuce awa 2 da minti 7 ba.

Saboda haka ne waɗansu ke cewa a ƙyale ta. Maganar kuwa ba ta tsaya a bakin masu hira a dandali ba. A watan Mayu na 2025 gwamnatin Amurka ta kai wa majalisar ƙasar shawarar kasafin kuɗi wadda ta nemi a soke kumbo biyu, DAVINCI da VERITAS, waɗanda aka zaɓa tun 2021 domin zuwa Zara. A watan Satumba na shekarar nan kuma Japan ta rufe aikin kumbonta Akatsuki, wanda shi kaɗai ya rage yana kewaya Zara, bayan muryarsa ta ɗauke tun Afrilu na 2024. Da rufewar nan, maƙwabciya mafi kusa ta rasa mai duba ta daga kusa.

Hujjojin masu cewa a ƙyale guda uku ne. Ta fari, suna cewa wurin ya fi ƙarfin ɗan adam, duk abin da aka aika can hallaka yake yi, da muguwar rawa kuwa gara ƙin tashi. Ta biyu, suna cewa zunubi ne a zuba dukiya cikin wuta alhali kuwa yara suna kwana da yunwa a Sudan da sauran ƙasashe. Ta uku, suna cewa ko da akwai amfani, na masu arziki ne, ba ruwan manomin Jazira da shi. Hujjojin nan suna da daɗin ji, suna kuma fitowa daga bakin mutane masu tausayi. Duk da haka kuskure ne, kuma babu inda ya kamata a fi saurin gane kuskuren kamar ƙauyukan Hausawan Sudan, gama tarihin kafuwarsu ya riga ya ba da amsa.

A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita ya nufi gabas, jama'a mai yawa ta bi shi. A ranar 27 ga Yuli na shekarar aka kashe shi a Burmi tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira, Fulani da Hausawa, suka ci gaba da tafiya ta Wadai, da Darfur, da Kordofan, har suka kai Shuɗin Nilu wajen 1906. Suka fara sauka a Shaikh Talha, sa'an nan suka kafa garin da ake kira da sunansa har wa yau, kudu da Sinnar. Tsakanin Sakkwato da wurin ya fi kilomita 3,000. Tun kafin su mahajjata suna bin hanyar nan, bayansu kuma dubbai sun bi ta, da ƙafa, da jaki, da takarkari. Mutum yakan tsaya ya yi noma damina ɗaya ko biyu domin ya tara guzuri, sa'an nan ya sake tashi. Ƙishirwa, da 'yan fashi, da masu kama bayi, da cuta sun ci da yawa. Kaburburansu suna bakin hanya, ba a san sunayen mafi yawansu ba.

Ƙasar da suka tarar ma ba ta yi musu maraba da sauƙi ba. A bakin Shuɗin Nilu, da Dindir, da Rahad akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai kala-azar mai kumbura saifa. Sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, ruwa ya shiga magudanan Jazira, tsargiya ma ta shiga tare da shi. Da a ce an tambayi mai hankali a Kano ko Katsina a zamanin nan, da ya ce wannan tafiya hallaka ce, a zauna gida. Da kuwa ya sami shaidu, gama waɗanda suka mutu ba kaɗan ba ne. Amma jikokin waɗanda suka tafi ɗin ne suka share daji suka yi gonakin dawa, suka tsinci audugar Jazira, suka yi lambuna da su a bakin kogi, suka cika kasuwannin Wad Madani da Gadarif.

Abin lura a nan shi ne yadda hanyar ta zama sananniya. Ayarin farko bai san inda rijiya take ba. Wanda ya tsira ya faɗa wa na baya: a wuri kaza akwai ruwa, zango kaza akwai amana, dajin kaza kada a kwana. Inda ayari ya hallaka ma, labarin hallakarsa ya zama gargaɗi ga mai zuwa. Shi ya sa madugu mai hankali ba ya jefa ayari duka cikin daji, sai ya tura jagaba gaba ya gano. Kaɗan kaɗan hanyar da ta ci rayuka ta zama hanyar da mace mai goyo za ta iya bi, har motocin lori suka zo suka bi sawun jakuna.

Haka aka yi da Zara, sai dai jagaban na ƙarfe ne. Tarayyar Sobiyet ta aika da jerin kumbo masu suna Venera. Na ɗaya, a 1961, muryarsa ta ɗauke a hanya. Na uku, a 1966, ya kai amma bai ce kome ba. Na huɗu, a watan Oktoba na 1967, ya shiga iskar Zara, ya aiko da labarin cewa kusan dukanta iskar kabon ce, sa'an nan ya yi shiru tun bai kai ƙasa ba. Aka ƙara wa na biyar da na shida ƙarfi a 1969, suka nutsa fiye da shi, nauyin iska ya murƙushe su. Masu ƙira suka ɗauki awon da matattun nan suka aiko, suka ƙera na bakwai kamar tukunyar ƙarfe mai kauri. A ranar 15 ga Disamba 1970 laimarsa ta lalace, ya faɗi da ƙarfi, ya kwanta a gefe, amma ya yi minti 23 yana magana da murya ƙasa-ƙasa. Wannan ce murya ta fari da ɗan adam ya taɓa ji daga doron wata duniya. A 1975 na tara ya aiko da hoto na fari, ga duwatsu falan-falan zube. A 1982 na goma sha uku, wanda aka ƙera domin ya yi wajen rabin awa, ya yi minti 127, ya ɗauki hoto mai launi, ya huda dutse ya auna abin da ke ciki. A 1985 kuma kumbon Vega guda biyu suka saki balan-balan cikin iskar Zara, suka yi kusan kwana biyu suna shawagi a wajen kilomita 54 daga ƙasa, inda zafi bai fi na Wad Madani da tsakar rana ba.

To, ina hallakar da ake faɗi? Kowane kumbo da ya mutu ya bar wa na bayansa awo, kamar yadda ayarin da ya ɓata ya bar wa na baya gargaɗi. Akwai kuma bambanci babba wanda masu tsoro ba sa son ambata. Hanyar gabas ta ci iyaye da 'ya'ya, hanyar Zara kuwa ba ta ci ran mutum ko ɗaya a can ba. Ba a taɓa aika mutum ba, babu kuma wata hukuma da ke shirin saukar da mutum a doron ƙasarta. Abin da ke narkewa ƙarfe ne da waya. Kakannin mutanen Mai Wurno sun biya kuɗin sanin hanya da jininsu. In yau an sami jagaban da ba shi da uwa, ba shi da 'ya'ya, ba ya jin ƙishirwa, sa'an nan aka ƙi tura shi don kada ya ƙone, to, wannan ba tausayi ba ne, ragwanci ne aka sa wa rigar tausayi.

Mai yiwuwa a ce, masu hijira sun tafi neman wurin zama, Zara kuwa ba za ta zaunu ba, me za a samo? Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba a iya shafa ruwan sai an ga yadda wutar ta kama. Kafin 1960 waɗansu masana suna zaton ƙarƙashin gizagizan Zara akwai fadama mai dausayi. Da aka fara auna zafinta daga nesa, abin ya ba da mamaki. A 1960 wani masani Ba'amurke, Carl Sagan, ya kawo bayani, kumbon Mariner na biyu kuma ya wuce ta kusa da ita a watan Disamba na 1962 ya tabbatar da zafin. Gizagizan Zara suna mai da kashi uku cikin huɗu na hasken rana, har zafin ranar da take sha bai kai wanda wannan duniya ke sha ba. Duk da haka ta fi Utarid zafi, ko da shi ke Utarid ta fi ta kusa da rana. Dalili shi ne iskar kabon, wadda ta kai kashi 96 cikin 100 na iskarta. Iskar nan kamar bargo take, zafi ya shiga, ya kasa fita. A 1978 kumbon Pioneer ya auna iskar, ya sami alamar cewa a dā Zara tana da ruwa fiye da na yanzu nesa ba kusa ba, ruwan ya tashi ya ɓace. Yawansa, da lokacin da ya ƙare, da abin da ya jawo, su ne tambayoyin da aka ƙera DAVINCI ya je ya amsa.

Ga duniyoyi biyu, girma ɗaya, unguwa ɗaya, ɗaya tana da Nilu, ɗaya ta zama tanderu. Wanda ya ce ba shi da bukatar sanin dalili, bai san inda yake zaune ba. Irin iskar kabon ɗin nan ce ke fita duk sa'ad da aka ƙona gawayin ƙasa, da fetur, da gas. Kafin zamanin masana'antu tana wajen kashi 280 cikin miliyan a iskar wannan duniya, yanzu ta wuce 420. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara yi wa hukumomi gargaɗi a fili shi ne James Hansen na hukumar NASA, wanda ya tsaya gaban majalisar dattawan Amurka a watan Yuni na 1988 ya ce ɗumamar ta riga ta fara. Mutumin nan da gizagizan Zara ya fara aikinsa. Lissafin da ya koya a can ne ya juyo da shi kan iskar wannan duniya.

Masana ba su ce ƙona fetur zai mai da wannan duniya ta zama Zara ba, bai kuwa kamata kowa ya tsoratar da mutane da abin da ba haka ba. Amma manomin Jazira ba ya bukatar digiri 465 kafin ya yi hasara. Alkamarsa tana dogara ga ɗan gajeren lokacin sanyi daga Nuwamba zuwa Maris, kuma Jazira tana cikin wurare mafi zafi da ake noman alkama a duniya. Ƙarin digiri biyu ko uku a lokacin fitar kai ya isa ya sa tsaba ta ƙanƙance. Ruwan da ke magudanarsa kuma daga daminar duwatsun Habasha yake zuwa, in ta gaza ya ji a jikinsa, in ta yi yawa ya ji. Tsofaffi suna tune da farin 1984 da 1985 wanda ya kori mutanen Darfur da Kordofan zuwa bakin kogi. Matasa sun ga ambaliyar 2020, sa'ad da Shuɗin Nilu ya wuce mita 17 da rabi a Khartum, abin da ba a taɓa aunawa ba. Lissafin da ake yi domin a san irin damina da irin zafin da 'ya'yan manoman nan za su tarar, dole ne a gwada shi a wani wuri. Zara ce babban wurin gwaji, gama lissafin da ya kasa bayyana tanderun da ake gani, ba abin dogara ba ne a kan ɗumamar da ba a gani ba tukuna.

Sai hujja ta biyu, ta yunwa, wadda ta fi sauran nauyi. Jazira kanta tana da abin faɗi a kai. Kafin a gina madatsar Sinnar an yi gwaji da famfo a Tayiba tun 1911, domin a ga ko baƙar ƙasar nan za ta yi auduga. A 1918 aka kafa gonar bincike a Wad Madani. A farkon shekarun 1930 masifa ta auku: farashin auduga ya faɗi a kasuwar duniya, cututtuka biyu kuma suka afka wa gonaki, ɗaya tana baƙanta reshe, ɗaya tana nannaɗe ganye. Manoma da yawa suka bar hawashominsu, a lokacin ne ma mutanen yamma da dama, Hausawa da Fulani da Barebari, suka sami gonakin da aka bari. A irin shekarun nan, mai neman inda za a rage kuɗi zai fara duban mutumin da ke zaune yana leƙen ƙwari da madubi, ya ce ga mai cin albashin banza. Amma masu leƙen ƙwarin nan ne suka gano cewa wani ɗan farin ƙuda ke ɗaukar cutar ganyen daga tsiro zuwa tsiro. Daga nan aka sa dokar tumɓuke karan auduga da saiwarsa a ƙone bayan girbi, aka sauya tsarin hutar da gona, aka zaɓo iri mai jure cuta. Auduga ta farfaɗo, aikin Jazira ya ci gaba har ya kai wajen fadan miliyan 2 bayan an ƙara Manakil. Da an kori masu bincike a shekarar wahala, da an ci iri an huta da shuka.

A duba kuɗin ma. Sa'ad da aka zaɓi DAVINCI da VERITAS a 2021, an ware wa kowannensu wajen dala miliyan 500, a kashe cikin shekaru. A shekarar 2024 kaɗai ƙasashen duniya sun kashe wajen dala biliyan 2,700 a kan soja da makamai. Wato kuɗin kumbon nan biyu gaba ɗaya bai kai abin da duniya ke zubawa a harkar yaƙi cikin awa huɗu ba. Mai tausayin mayunwata da ya tsallake wannan tulin dukiya ya je ya kama wuyan masu binciken Zara, ya bar jaki yana dukan taiki.

Mutanen Jazira sun san abin da ya kawo musu yunwa. Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023. A watan Disamba na shekarar ya kai Wad Madani, a 2024 ya kai jihar Sinnar, kafin soja su karɓe Wad Madani a watan Janairu na 2025. Fiye da mutum miliyan 10 suka bar gidajensu a faɗin ƙasar. An wawashe rumbuna, an kwashe injunan noma, magudanan ruwa suka toshe da laka da ciyawa. Tun kafin haka, a 2022, rikicin ƙabilanci a jihar Shuɗin Nilu ya ci ɗaruruwan rayuka, Hausawa da maƙwabtansu. Ba kumbo ne ya yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. In an soke tafiya Zara gobe, ba a sauke buhun dawa ko ɗaya a Mai Wurno saboda haka. A cikin abin da yaƙin ya ɓarnatar har da rumbun irin shuka na ƙasa da ke Wad Madani, inda aka tara nau'o'in dawa da gero da manoman Sudan suka gada kaka da kakanni. Abin da ya rage wa mutane zafin hasarar shi ne an riga an aika da waɗansu irin zuwa wani rumbu da aka haƙa cikin dutsen ƙanƙara a Svalbard, can arewacin Norway, a watan Fabrairu na 2025 kuma aka ƙara aikawa. Sa'ad da aka buɗe rumbun nan a 2008, mai saurin magana zai iya cewa ina ruwan manomin dawa da tsibirin ƙanƙara. Yau ya sani.

Hujja ta uku kuwa, cewa binciken sama aikin masu arziki ne, 'ya'yan Sudan da kansu sun ƙaryata ta. A ranar 6 ga Oktoba 2008 wani mai duban taurari a Arizona ta Amurka ya hango dutse mai faɗin wajen mita 4 yana nufo wannan duniya. Aka yi lissafi aka ce zai faɗo arewacin Sudan kashegari kafin asuba, haka kuwa aka yi, ya fashe a sama bisa hamadar Nubiya. Shi ne karo na fari da aka ga irin dutsen nan tun yana sarari, aka faɗi inda zai sauka. Da yawa sun zaci ya zama ƙura. Amma a watan Disamba Dokta Mu'awiya Shaddad na Jami'ar Khartum, tare da Peter Jenniskens daga Amurka, suka kwashi ɗalibai zuwa hamada. Ɗaliban suka jeru kafaɗa da kafaɗa suna takawa cikin yashi da tsakuwa suna duban ƙasa, har a tafiye-tafiye da dama aka tsinto gutsattsari wajen 600. Aka sa wa dutsen suna Almahatta Sitta, wato tasha ta shida ta jirgin ƙasa tsakanin Wadi Halfa da Abu Hamad. Masana a ƙasashe da dama sun yi shekaru suna nazarinsa, sun sami ƙananan ƙwayoyin lu'ulu'u a ciki. Ba don ƙafafun ɗaliban Khartum ba, da manyan maduban Amurka sun tsaya ga hange kawai.

Kayan aikin ma ba sa tsayawa inda aka yi su. Idon mutum ba ya ratsa gizagizan Zara, saboda haka da na'urar rada kumbon Magellan ya zana kashi 98 cikin 100 na doron ƙasarta tsakanin 1990 da 1994. Irin na'urar nan ce, a 1981, ta leƙa ƙarƙashin yashin hamada a iyakar Masar da Sudan daga sama, ta nuna tsofaffin hanyoyin koguna da rairayi ya binne. Irinta ce kuma taurarin ɗan adam ke amfani da ita yau su ga inda ambaliya ta kai ko da hadari ya rufe sama. Gwanintar da ake samu wajen duban wuri mai wuya, ita ake kawowa gida.

Akwai abin da ya cancanci talaka ya nema daga masu wannan aiki, ya kuwa kamata ya nema da ƙarfi. Abin da aka gano a buɗe shi ga kowa, kada a kulle. A buɗe ƙofa ga ɗaliban Khartum, da Wad Madani, da Kano, da Yamai, su shiga aikin tun daga tushe. Hasashen damina da gargaɗin ambaliya su kai kunnen mai hawasha da harshen da yake ji, a lokacin da za su amfane shi. Waɗannan buƙatu ne na gaskiya. Amma wanda ke neman rabonsa a cikin tuwo ba ya cewa a kashe wutar murhu.

Hukumar binciken sama ta Turai ta amince da kumbonta EnVision a 2024, ta sa 2031 lokacin tashinsa zuwa Zara. Indiya ma, wadda ta san talauci da zafi da ambaliya, ta amince da nata a shekarar nan, ta sa 2028. Yaron da ke firamare a Mai Wurno ko Damazin yau, in an bar makarantarsa a buɗe, zai kai shekarun shiga jami'a sa'ad da awon da kumbon nan za su aiko yake shigowa. Kakansa na uku ya taka daga Burmi zuwa Sinnar ba tare da taswira ba. Ba daidai ba ne a ce wa jikan irin mutumin nan ya sunkuyar da kai in Zara ta fito, wai don wurin da nisa, da zafi, da haɗari.